Laifin Niƙa Ne, Ba Na Gahawa Ba

A hutun da ya wuce wani abokina mai koyon aikin lauya a Bagauda ya samo 'ya'yan gahawar Mambila soyayyu, ya kai wa mai inji a kasuwa, aka mayar masa da su gari luƙwi kamar na tuwo. Ya jiƙa a ruwan zafi ya tafi salla, da ya dawo ya kurɓa sai ya tofar, ya yanke hukunci cewa gahawar ƙasarmu maɗaci ce, gara Nescafé. To, wannan hukunci nake so in ɗaukaka ƙara a kansa.

Duk wanda ya tashi a Kiru ko Bebeji ko Tudun Wada ya san cewa masara ɗaya ce, amma tsaki daban, gari daban. Babu uwar da za ta tuƙa tuwo da tsaki, ko ta turara dambu da gari. Abin mamaki, mu da muke taƙama da boko, wannan ɗan ilmin na tsakar gida shi ya gagare mu.

Ga yadda al'amarin yake. Ruwa daga jikin ƙwayar yake janyo ɗanɗano. Idan niƙan ya yi laushi, nan da nan ruwa ke ratsa shi, in kuwa aka bar shi ya jima sai ya kwaso har da ɗaci. Idan ya yi tsaki ainun, aka kuma yi gaggawar tacewa, sai a sami ruwa salam mai ɗan tsami. Watau tsawon zaman gahawa cikin ruwa shi ke nuna irin niƙan da ya dace da ita. Mai jiƙawa a buta kamar minti 4 sannan ya tace, tsakin dambu ne nasa. Mai zuba ruwa ta cikin ƙyalle ko takardar tata, ya nemi kamar yashin rafi. Luƙwi kuwa na Turkawa ne, su da ke dafa ta a ɗan tukunya, su bar laka ta kwanta a gindin kofi.

A ganina ma injin kasuwa ba wurinta ba ne, don kuwa ɗazu ya gama da barkono da daddawa, gahawa kuma tana ɗaukar wari. Mutanen Sudan a turmi suke daka ta jabanarsu, su haɗa da citta. Ƙaramin turmi da rariya sun ishe mu, a daka ta yau kawai, domin ƙamshinta ba ya jimawa bayan niƙa.

Nescafé, da aka fara sayarwa a 1938, gahawa ce da wani ya riga ya dafa ya busar. Ba na ƙin ta daren jarrabawa. Amma manomin Mambila ne ke asara duk lokacin da muka ɓata kayansa da hannunmu, sa'an nan muka bi gari muna kushe shi. Abokin nawa dai na ara masa turmin gidanmu, har yau bai mayar ba.