KOWA NA KUKAN WAƘA TA LALACE, AMMA WA YA SAYI FAIFAI?

Duk wanda ya saba zama a majalisun Hausawa na nan Kudu, ko a Sabo ta Badun, ko Agege da Idi-Araba a Ikko, ko zangon Shagamu, ko na Fatakwal, ya san akwai wata hira guda wadda ba ta tsufa. Da zarar wani mawaƙi ya fitar da sabon kundin waƙoƙinsa, kafin a kwana biyu an kafa masa kotu a teburin mai shayi. Wannan ya ce murya ce kurum babu azanci. Wancan ya ce kiɗan na'ura ne, in ka ji ɗaya ka ji duka. Wani dattijo kuwa ya girgiza kai ya ce ai tun ranar da Allah ya yi wa Shata rasuwa a 1999 waƙa ta bi shi, abin da ya rage hayaniya ce. Kowa alƙali ne, kowa kuma mai gabatar da ƙara.

Tambaya ɗaya ce ba a taɓa yi a wannan kotu, ita ce kuwa gaba da dukan tambayoyi. Shin cikin masu yanke hukuncin nan, mutum nawa ne ya sa hannu a aljihu ya sayi kundin da ya ke suka? Amsar ba ɓoyayya ba ce. Wani abokinsa ne ya turo masa ta WhatsApp. Wani kuma yaron da ke cajin waya a bakin tasha ne ya cika masa katin wayarsa da ɗaruruwan waƙoƙi, a kan kuɗin da ba su kai na kwanon tuwo ba, alhali ko kwabo ɗaya bai isa hannun wanda ya yi waƙar ba. Watau mutum ya ci gumin wani a banza, ya kuma zauna yana kushe ɗanɗanonsa. Wannan shi ne rashin adalcin da ya kamata a fito fili a faɗa.

Mai karatu ya waiwaya baya kaɗan. A zamanin garmaho da babban faifai, akwai kamfanoni a Ikko waɗanda sana'arsu ke nan, irin su EMI da Decca da Polygram. Mawaƙi ya kan taso tun daga Arewa da makaɗansa da 'yan amshinsa, a ɗauki muryarsa, a buga faifai, a sa hotonsa a bango, a kai kanti. A irin waɗannan fayafayai ne muryar Alhaji Mamman Shata da ta Ɗan Maraya Jos suka shiga ɗakunan Hausawa mazauna Kudu. Su wa ke saye? Direbobin manyan motoci, da fataken goro, da mahauta, da masu gadi, mutanen da ba su da albashin a-zo-a-gani, amma suka san cewa abin da ya faranta rai yana da farashi. Mutum ya kan tara kuɗi ya sayi faifai guda, ya goge shi da ƙyalle mai laushi, ya adana shi kamar rigar salla. In irin wannan mutum ya ce waƙa kaza ba ta yi ba, yana da bakin magana, domin kuwa kuɗinsa ne suka tafi.

Ba a ce kamfanonin nan waliyyai ba ne. Sau da yawa mawaƙin da bai iya karatun boko ba ya kan dangwala hannu a takardar da bai san abin da ta ƙunsa ba, a ba shi 'yan kuɗi sau ɗaya, kamfani ya ci gaba da kwasar riba shekara da shekaru. Amma duk da haka akwai kanti, akwai lissafi, akwai wanda za a iya kai wa ƙara. Shahararren mawaƙin nan na Yarbawa, King Sunny Ade, ya ɓata da kamfanin African Songs tun tsakiyar shekarun 1970, ya kafa nasa kamfanin, ya kuma bi haƙƙinsa kotu-kotu har zuwa 2015, lokacin da Babbar Kotun Tarayya ta Ikko ta yanke hukuncin a biya shi diyyar Naira miliyan 500. Shekara wajen arba'in yana bin kadin guminsa. To, mawaƙin da dubban mutane suka sace wa waƙa ta waya, wa zai kai ƙara? Ya kai garin duka?

Rushewar wannan kasuwa ba dare ɗaya ta faru ba. Da kaset ya yawaita, kowane mai rikoda biyu ya zama kamfani. A sayi faifai ɗaya na gaskiya, a juye shi a kaset ɗari, a baza a tire a bakin kasuwa. Sa'an nan tattalin arziki ya karye a farkon shekarun 1980, aka zo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar Naira ta faɗi, kayan buga faifai suka yi tsada. A 1987 mawaƙa suka fito zanga-zanga a Ikko a ƙarƙashin ƙungiyarsu ta PMAN, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa dokar soja mai lamba 47 ta 1988 don kare haƙƙin mallakar fasaha, aka kuma buɗe hukumar da za ta kula da ita a 1989. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Turawan kamfanonin suka sayar da hannun jarinsu suka tattara nasu ya nasu, EMI ta koma Ivory Music, Polygram ta koma Premier. Da faifan CD ya zo, ɓarayin zaune na kasuwar Alaba suka ɗora daga inda masu kaset suka tsaya. Da wayar hannu ta zo, sai aka daina ma ɓoyewa. Ko sabuwar dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ba ta da ɗan sandan da zai shiga aljihun kowa ya duba katin wayarsa.

A kowane mataki na wannan tarihi akwai mutum ɗaya da ba ya canzawa, shi ne mai sayen kayan sata domin araha. Ɓarawo ba ya juye kaset don ya ajiye a ɗaki. Yana juyewa ne sabo da ya san akwai mai jira.

Yanzu a duba abin da wannan ya haifar, domin ruwa ba ya tsami banza. Masu suka suna cewa an bar kalangu da kotso da kuntigi da gurmi an koma wa fiyano. Gaskiya ne. Amma ƙungiyar kiɗa irin ta Shata ko ta Musa Ɗanƙwairo runduna ce: ga makaɗa, ga 'yan amshi, ga sanƙira, ga mota, kowannensu da iyali. Da me saurayin mawaƙi na yau zai ciyar da mutum goma, alhali kundin da ya kashe wa kuɗin ɗakin ɗaukar murya ba zai mayar masa da kuɗin mota ba? Dole ya nemi yaro ɗaya mai na'ura ɗaya wanda zai yi masa aikin mutum goma. Suna cewa waƙoƙin yanzu gajeru ne, ba su da zurfi, an yi su ne don rawa. Hakan ma gaskiya ne, domin mawaƙi ya gane cewa kundin ba ya kawo kuɗi, talla ce kurum wadda za ta sa a gayyace shi biki. Waƙar "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta game ƙasar nan a 2020, lokacin kullen annobar korona, kusan babu wayar Bahaushe da ba ta shiga ba. Mai karatu ya tambayi mutum goma da ya sani, cikinsu wa ya biya wani abu kafin ya same ta.

Suna kuma cewa mawaƙa sun zama 'yan koren 'yan siyasa da masu hannu da shuni. To, ina a ke so su nufa? Mawaƙi mutum ne, yana biyan kuɗin haya da na makarantar yara. In jama'a suka rufe hannu, wanda ya buɗe nasa shi za a waƙe. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Akwai hujjoji uku da masu sauraren banza su kan kawo, ya kamata a auna su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko, su kan ce da ma can mawaƙin Hausa bai dogara ga faifai ba, sarakuna da attajirai ne ke ba shi doki da riga da kujerar Makka. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta taimaki mai yin ta ba. Narambaɗa da Ɗanƙwairo sun rayu a inuwar fada, ba musu. Sai dai faifai shi ne hanya guda da ta mai da talaka uban gidan mawaƙi. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya yi suna ne da waƙoƙin talakawa da 'yan ƙananan sana'o'i, har da ta karen mota, mutumin da ba shi da doki ko riga da zai bayar. Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, matan cikin gida ta waƙe da ƙwaryarta, tana zuga su su kama sana'a. Duk ranar da talaka ya daina saye, ya sauka daga kujerar uban gida da kansa, ya bar wa mai kuɗi fili.

Ta biyu, su kan ce talauci ne. Babu mai musun cewa rayuwa ta yi tsada. Amma mutumin da ya ce ba shi da kuɗin waƙa, yana riƙe da wayar dubban Nairori, kullum kuma yana zuba mata kuɗin intanet. Shi ne kuma in an yi biki zai fito fili ya yi ta liƙi har takardun kuɗi su rufe ƙasa, ko da ya ke dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta tanadi ɗaurin wata shida ko tarar Naira 50,000 ga mai wulaƙanta Naira. Ashe ba kuɗin ne babu ba. A wurin biki ana ganinsa ana kiran sunansa, a wurin sayen kundi kuwa babu mai gani. Wannan ba son waƙa ba ne, son a sani ne.

Ta uku, su kan ce ai waƙoƙin ba su cancanci a saya ba. In haka ne, me su ke yi a cikin wayarsa? Me ya sa ya haddace su har ya ke iya nuna inda mawaƙi ya yi kuskure? Mutumin da ba zai ɗauki tumatir ɗaya a tiren mai talla ba tare da ya biya ba, don tsoron haƙƙi, shi ne zai kwashe aikin shekara guda na ɗan'uwansa ya ce ba kome. Haƙƙi dai haƙƙi ne, ko ana iya taɓa shi da hannu ko ba a iyawa.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mawaƙan su ma suna da nasu laifi. Da yawansu ba su yi wa aikinsu rajista ba, ba su da ƙungiya mai haƙori da za ta karɓo musu kuɗi daga gidajen rediyo da wuraren shaƙatawa, wasu ma da hannunsu su ke miƙa sabuwar waƙa ga masu turawa don ta yi saurin yaɗuwa. Wanda ya zubar da hajarsa a bakin hanya kada ya yi mamaki in an tattake ta. Akwai kuma masu maimaita kiɗa ɗaya da kalmomi ɗaya shekara da shekaru, waɗanda sukar da a ke yi musu daidai ne. Amma suka tana da amfani ne in ta fito daga bakin mai ciniki, wanda in ya janye kuɗinsa za a ji a jika.

Hanyar gyara kuwa ba ta ɓace ba. Yau akwai YouTube da Audiomack da Boomplay, ga kuma Spotify da ya shigo Nijeriya a 2021. Abin da su ke biyan mawaƙi a kan kowane saurare ɗan ƙanƙane ne, amma ana ƙidayawa, kuma da yayyafi kogi kan cika. Wanda ya nemi shafin mawaƙi na ainihi ya saurara a can, ya yi wani abu. Wanda ya ƙi karɓar kundin da aka turo masa ta bayan gida, ya yi wani abu. Sarakunan Hausawa na zango-zango da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kasuwa, waɗanda kakanninsu ne suka riƙe kasuwar faifai a da, suna da bakin da za su ja kunnen masu cika katin waya a tashoshinsu. Hukumar kare haƙƙin mallaka kuma ta tuna cewa ba mawaƙan Turanci na Ikko kaɗai aka kafa ta dominsu ba.

Shata ya tafi, Ɗanƙwairo ya tafi tun 1991, kuma abin takaici, yawancin abin da ke yawo na muryoyinsu a yau juye ne na juye, cike da ƙara da shashsheka, domin al'ummar da ba ta biya ba, ba ta adanawa. In akwai wani yaro mai irin baiwarsu a Musawa ko Maradun a yau, yana kallon yadda a ke yi da na gabansa, yana kuma lissafin ko sana'ar za ta ciyar da shi. Masu majalisa su ci gaba da shari'arsu a teburin mai shayi, amma kafin kowa ya buɗe baki, a fara tambayarsa inda ya sayi abin da zai yi wa hukunci. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa sai ya hango na wani.

Allah ya sa a gyara.