Mu daina yi wa yara ƙarya a kan hanyar asibiti

A Gangara, kamar a sauran garuruwan jahar Maraɗi, idan yaro ya ƙi jin magana kalma ɗaya ake jefa masa: “Ka bari, ko in kai ka likita a yi maka allura.” Ni ma na sha faɗa wa ’ya’yana haka. Ban san illar maganar ba sai da autana ɗan shekara 5 ya fara faɗuwa yana jijjiga, likita ya ce sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa da na’urar da muke kira IRM a nan Nijar, ’yan’uwanmu na Najeriya kuma suke ce mata MRI.

Ranar tafiya na ce masa yawo za mu je birni, mu sayo takalmi. Mahaifiyata ce ta ba da shawarar, ta ce: “Kada ka faɗa masa, tsoro zai ji.” Na ce: “To, Inna.” Mun isa asibitin da hantsi, muna jiran layi na dama masa fura ya sha ya ƙoshi. Da aka kwantar da shi, gadon ya fara shigar da shi cikin bakin na’urar, ƙara ta tashi, sai ya ƙwalla ihu yana neman fitowa. An gwada sau biyu, hoto bai yi ba. Aka ce da za a ba shi maganin barci, amma wanda ya cika ciki ba a ba shi. Aka sa mana wata rana bayan mako 3. Kuɗin mota da na kwana, waɗanda sai da na sayar da akuya na haɗa su, sun tafi a banza. Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne tambayar da ya yi mini a mota: “Baba, ina takalmin?”

Laifi na farko nawa ne. Na biyu na tsarin da ya miƙa mini takarda da Faransanci, babu wanda ya zauna ya gaya mini abin da ke jiranmu. Shi ya sa nake ganin shirya yaro ɓangare ne na aikin asibiti kansa, kuma ya kamata a fara shi tun daga ranar da aka rubuta takardar.

Da farko iyaye su san na’urar. IRM ba ta aiki da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Maganaɗisu ne mai ƙarfi da igiyar rediyo, kuma hoton ba ya ciwo ko kaɗan. Paul Lauterbur na Amurka da Peter Mansfield na Ingila sun samu kyautar Nobel a 2003 saboda aikinsu a kan wannan fasaha. Wahalarta ga yaro iri uku ce: wurin matsattse ne, ƙarar na iya wuce desibel 100, sannan dole a kwanta shiru na minti 20 zuwa awa ɗaya. Motsi kaɗan ya isa ya ɓata hoto.

Maganaɗisun ba abin wasa ba ne. Na’ura mai ƙarfin tesla 1.5 ta ninka maganaɗisun duniya wajen sau 30,000, kuma a kunne yake ko ba a ɗaukar hoto. A 2001, a jihar New York, wani yaro ɗan shekara 6 ya rasu bayan na’urar ta fizgo tukunyar iskar numfashi ta ƙarfe ta buge shi a kai. Don haka ’yan kunne, awarwaro, zobe, makulli, wayar salula da kwabban aljihu duk a waje suke tsayawa. Laya da guru ma a cire, domin ba kowa ya san abin da aka ɗinke a ciki ba. Kwalli ma kada a sa wa yaro ranar, tunda wani yana ɗauke da ƙarfe. Idan an taɓa yi wa yaro aiki an sa masa ƙarfe a jiki, a faɗa tun kafin a shiga. Gara kaka ta ji zancen cire laya a gida, a lallashe ta, da a yi gardama a ƙofar ɗakin hoto.

A makonni ukun nan wata ma’aikaciyar jinya ta ba ni shawarar da ta fi kowace amfani. Ta ce: “Malam, ka mayar masa da abin wasa.” Na samo babban kwali na buɗe shi gaba da baya. Kullum bayan sallar isha’i sai ya kwanta a tabarma, in ja shi cikin kwalin, yayarsa tana buga tsohuwar garwa da muciya. Muka kira shi wasan dutse: wanda ya fi daɗewa bai motsa ba shi ya ci. Daren farko ko minti ɗaya bai yi ba. A mako na uku yana kai minti 15. Na kai shi wurin injin niƙa na ce ƙarar irin wannan ce, kuma za a toshe masa kunne. Na gaya masa mai yiwuwa a sa masa allura a hannu, don wani lokaci ana zuba ruwan da ke ƙara fito da hoto, kuma za ta yi zafi kaɗan kamar cizon tururuwa. Ya yi kuka a daren. Da safe shi ya tambaya yaushe za mu tafi.

Na san abin da dattawa za su ce: yaro bai san wuta ba sai ya taka, me ya sa za a ɗora masa fargaba tun ba a je ba? Ina girmama wannan magana, domin tausayi ne ya haife ta. Amma fargabar da yaro ya yi a gida, a jikin uwarsa, tana da mai rarrashi kuma tana da lokacin hucewa. Wadda ta zo masa kwatsam a cikin na’ura, bayan ya gane ubansa ya yaudare shi, ba ta da ko ɗaya. Kuma yaro mai ciwon farfaɗiya zai daɗe yana zuwa asibiti. Idan na kashe amanar da ke tsakaninmu a tafiyar farko, da me zan kai shi ta goma?

Ba kowane yaro wasa ke yi wa aiki ba. ’Yan shekara ɗaya zuwa uku galibi sai da maganin barci, kuma wannan ba abin kunya ba ne. A nan ƙa’idar da aka saba bi ita ce a daina abinci awa 6 kafin lokaci, nonon uwa awa 4, ruwa zalla awa 2, sai dai abin da likitan ya faɗa shi ne abin bi. A kuma tambaye shi yadda za a yi da maganin da yaro ke sha kullum, kada a tsayar da shi da ka.

Roƙona ga hukumomin lafiya ba mai tsada ba ne. Tun 2006 Nijar ta ayyana kula da lafiyar yara ’yan ƙasa da shekara 5 kyauta, amma kuɗin mota da na masauki a wuyan iyaye suke, kuma wanda aka tura Yamai daga Maraɗi tafiyar sama da kilomita 600 ce a gabansa. Duk wanda ya rubuta takardar IRM ya ba iyaye minti biyar na bayani da Hausa. A naɗi bayanin a murya a tura ta WhatsApp saboda waɗanda ba su yi lakwal ba. Ma’aikatan CSI na ƙauyuka su san shi, gidajen rediyon karkara su maimaita shi.

A zuwanmu na biyu an bincike ni, aka bar ni na shiga na riƙe ƙafarsa. Ya kwanta har aka gama, ba tare da maganin barci ba. Da ya fito ya ce: “Baba, na ci wasan?” Na ce ya ci. Daga nan muka wuce kasuwa na saya masa takalmin da na yi masa alkawari.