Ƙaramar Igwa Ce Za Ta Tsare Sararin Samaniyarmu

Mutanen Sabo da ke Ibadan ba sa bukatar a nuna musu barikin Letmauck, domin ga shi nan a Mokola, maƙwabcinsu ne. An sa masa sunan wani gari ne a yankin Arakan na ƙasar Bama, inda Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma ta gwabza da Japanawa a 1945. Idan aka yi zancen yaƙin Bama, sojan ƙasa ake tunawa, masu ratsa daji da kaya a ka. An manta cewa tun 1943 aka kai birged guda ta sojan igwa daga Afirka ta Yamma zuwa Indiya, ta je ta tsare filayen jiragen sama na Assam da manyan bindigogin kakkabo jirgi. Wannan mantuwa tana jawo mana asara, domin a tarihin waɗancan igwogi akwai amsar tambayar da ke gabanmu yau: da me Nijeriya za ta kare kanta daga abin da ke zuwa ta sama? Ra'ayina shi ne a fifita ƙananan igwogi masu araha da ƙwararrun masu sarrafa su a kan makaman alfarma da ake baje kolinsu ranar fareti.

Igwar bakin teku ce babbar yaya a wannan gida. Ingila ta jera su aji-aji: mai bakin inci 9.2 don manyan jiragen ruwan yaƙi da ke can nesa, mai inci 6 don tsare mashigar tashar ruwa, sai ƙanana masu saurin wuta don kwale-kwalen da ke satar shiga da dare. Sun yi rana. A Satumban 1940 Ingilishi da Janar de Gaulle suka yi kwana uku suna neman kama Dakar, igwogin Faransawan Vichy da ke gaɓa da tsibirin Gore na cikin abin da ya kora su. Amma igwar da aka dasa cikin siminti ba ta tashi, kuma abokin gaba ya san inda take. A Singafo akwai masu bakin inci 15, sai Japanawa suka ɓullo ta tudu daga Malaya, aka tarar yawancin harsasan na huda ƙarfen jirgin ruwa ne, ba su da wani tasiri a kan sojan ƙasa. Birnin ya faɗi ranar 15 ga Fabrairun 1942. Zuwa 1956 Ingila ta rushe rundunar igwar gaɓa ɗungurungum. Yau aikin ya koma hannun makamai masu linzami da ake ɗorawa a kan mota, irin waɗanda Yukiren ta nutsar da jirgin Rasha mai suna Moskva da su a Afrilun 2022.

Masu kallon sama kuwa iri biyu ne, kuma a nan darasin yake. Babbar ita ce mai inci 3.7, wadda ke cilla harsashi mai nauyin kusan kilo 13 zuwa tsayin kilomita tara. Ba a harba ta da ido. Igwa huɗu ake girkawa wuri guda a kewaye da ramin kwamanda. Wani na auna nisan jirgi, wani na juya na'urar lissafi da ke hasashen inda jirgin zai kai bayan daƙiƙa ashirin, wani na saita agogon da ke kan harsashi don ya fashe a daidai wurin, sannan ƙarti su ɗauka su cusa. Mutum ɗaya ya yi nawa, aikin kowa ya ɓaci. Ƙaramar kuma ita ce Bofors mai milimita 40, ƙirar Suwidin, mai aman harsashi 120 a minti guda: mutum biyu na zaune hagu da dama, ɗaya na juya ta gefe, ɗaya na ɗaga bakinta, na uku na tsaye yana zuba harsasai huɗu-huɗu ta sama. Ita ke maganin jirgin da ya sauko ƙasa-ƙasa, wanda babbar ba ta iya bi.

Kada a ɗauka wannan labarin Turai ne kawai. Daga 1940 ana harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi, a taso da su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy da Khartoum har Masar, dubbai ne suka bi wannan hanya. Ranar 21 ga Janairun 1942 jirgin Jamus ƙwaya ɗaya tal ya ratso Sahara daga Libiya ya ƙone ma'ajiyar man jirage a Fort Lamy, wato Njamena ta yau. Masu tsaron wurin sun saki jiki ne da cewa nisa ya kare su, kuma irin wannan sakin jikin ne ke damunmu har gobe.

Za a ce zamanin igwa ya wuce, makami mai linzami ya maye gurbinta. A kan jirgin yaƙi mai gudun da ya fi sauti, gaskiya ne. Sai dai wa ke shirin turo mana irin wannan jirgi? Abin da ke gabanmu jirgi marar matuƙi ne. Tun Disambar 2024 aka ba da rahoton ISWAP ta kai wa sansanin soja na Wajiroko a Borno hari da ƙananan jirage marasa matuƙi ɗauke da abin fashewa. A Satumban 2019 harin jirage marasa matuƙi da aka kai cibiyar mai ta Abƙaiƙ ya tsayar da kusan rabin man da Saudiyya ke haƙowa, ƙasar da ta mallaki makamin kakkabo jirgi na Patriot. Makamin Patriot guda ɗaya miliyoyin daloli ne, jirgi marar matuƙi na Shahed kuwa dubun-dubatar daloli. Mai harba na farko don ya kakkabo na biyu ya zama mai kashe sauro da guduma, kuma aljihunsa zai riga na maƙiyinsa ƙarewa. Shi ya sa motar igwa ta Gepard mai milimita 35, wadda Jamus ta jingine tun 2010, ta zama abin nema a Yukiren daga 2022. Tarihi ma ya riga ya nuna haka. A 1944, da Jamus ta fara cilla wa Landan bama-bamai masu fiffike na V-1, kakannin Shahed ke nan, an kwashe igwogi zuwa gaɓar teku, aka haɗa su da rada da harsashi mai fashewa da kansa idan ya kusanci abin hari. Kafin ƙarshen Agusta suna kakkabo mafi yawan waɗanda suka shigo gabansu.

Akwai ƙorafin da ya fi wannan nauyi, kuma ban raina shi ba. Bindigar da aka ƙera don harbo jirgi, mu a nan mun fi saninta a bayan Hilux, an karkato bakinta kan ƙauye. 'Yan ta'adda sun sha kwasar makamai daga sansanonin da suka ci, kuma a Yulin 2021 'yan bindiga suka harbo jirgin Alpha Jet na sojan sama a Zamfara, Allah ya kuɓutar da matuƙin. Wanda ya ce ƙara yawan waɗannan bindigogi ƙara wa ɓarayin daji kaya ne, yana da hujja. Amma a dubi abin da suke iya ɗauka: bindiga mai jigida ce da mutum biyu za su ɗora a mota su harba da ka. Igwar da ke aiki da rada da harsashi na musamman ba ta da amfani a hannun wanda ba shi da horo da kayan gyara. Sannan sansanin da aka bari ba kariya daga sama shi ne mai saurin faɗuwa, shi ne kuma ma'ajiyar da ake wawashewa. Maganin satar makami shi ne ƙidaya, da lamba a jikin kowane ƙarfe, da hukunta jami'in da kayansa suka yi ƙafa. Haka nan ba cewa ake a girka igwa a tsakiyar unguwa mai cunkoso kamar Sabo ba, domin harsashin da ya hau sama sai ya sauko. Wurinta sansanonin gaba, da madatsar Kainji, da matatar mai ta Lekki, da tashar gas ta Bonny.

Wasu kuma za su ce na'urar katse sadarwa ta wadatar. Tana da amfani, a saye ta. Amma a Yukiren an riga an koma jirage masu jan siririyar wayar gilashi, waɗanda ba a iya katse su, dole sai an harbo.

Ɗan Sabo ba ɗan kallo ba ne a wannan magana. Unguwar da aka kafa tun 1916 kan fataucin shanu da goro, abincinta na rataye da lafiyar hanyar Arewa. Tirelar shanun da ta taso daga Potiskum ba ta isa kara a Akinyele sai idan sojan da ke tsare da Borno da Yobe ya kwana lafiya. Kuma 'ya'yan talakawa ne ke kwance a ramukan sansanonin gaba, Hausawa da Yarabawa da sauransu. Kakanninsu, da yawa ba su taɓa shiga aji ba, sun iya sarrafa igwa mai inci 3.7. Muna da makarantar sojan igwa a Kachia, muna da masana'antar makamai ta DICON a Kaduna tun 1964. Ya kamata 'yan majalisarmu, idan kasafin tsaro ya zo gabansu, su tambayi nawa aka ware wa ƙananan igwogi da rada da horon masu aiki da su, da kuma harsashin da za a ƙera a gida. Kada su sa hannu sai sun ji amsa.