Allon Ƙofa Ba Shi Ne Makaranta Ba

Duk wanda ya je ganin gida Jos, ya ratsa Ali Kazaure da unguwannin da ke kewaye da ita, zai ga makarantun kuɗi sun yawaita, wasunsu har suna kiran kansu na ƙasa da ƙasa, suna alkawarin koya wa yaro harsuna iri-iri. Haka abin yake a Ikko da Badun da Fatakwal. To, jama'a, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

A cikin Jos ɗin nan akwai abin lura. A 1942 mishan na Church of the Brethren suka kafa makarantar Hillcrest domin 'ya'yan Turawan mishan, kuma tsarin karatun Amurka take bi. Baƙi ne a ƙasar wasu, amma ba su yarda 'ya'yansu su tashi ba su san harshe da ilmin gidansu ba. Ba su jira gwamnati ba, ƙungiyoyinsu ne suka haɗa kai suka riƙe ta. Mu da muke zaune a Agege da Idi-Araba da Sabon Badun shekara da shekaru, me muka gina?

Yaronmu a Kudu ya riga ya samu abin da masu kuɗi ke saye da tsada. Yana Hausa a gida, yana Yarbanci ko harshen Ibo a wurin wasa, yana Larabci a makarantar allo, ga Turanci a aji. Abin takaici shi ne duk a baka suke. Da wuya ka samu wanda zai rubuta wa kakarsa wasiƙa da Hausa, Turancin kuma bai zauna ba. Wasu ma ba su taɓa shiga aji ba, suna can suna talla.

Kada a ce harshen gida yana hana Turanci. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya yi gwaji a Ile-Ife, aka karantar da yara da Yarbanci shekara 6 na firamare, Turanci kuwa darasi ne guda. Yaran ba su koma baya ba, har a Turancin ma. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara karatu da harshen uwa ko na mutanen gari. A 2022 gwamnati ta faɗaɗa abin zuwa ƙarshen firamare, a 2025 kuma Ministan Ilmi Tunji Alausa ya ba da sanarwar an soke, an koma Turanci. Wanda ya rataya makomar ɗansa a kan irin wannan jeka-ka-dawo, ya shirya wahala.

Haka kuma kada a raina harshen maƙwabci. Haƙar kuza ta tara Hausawa da Ibo da Yarbawa a ƙasar Birom da Anaguta da Afizere, aka yi ciniki da auratayya. Bayan rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 unguwanni suka rabu, yara suka tashi ba su san juna ba. Mu da ke zaman baƙunci mun fi kowa sanin darajar gaisuwa da harshen mai gari.

Saboda haka muna kira ga sarakunan Hausawa, da fataken shanu da na goro, da 'yan kasuwar Mile 12, su haɗa kuɗi su gina makarantu tun daga rabin aji har sakandare, har da ajin dare na manya. A koyar da Hausa a rubuce, da Larabci, da Turanci, da harshen garin da ake zaune, a kuma buɗe ƙofa ga ɗan kowa. Iyaye kuwa, kafin ku biya kuɗi ku shiga aji, ku ga malamin kowane harshe da littattafansa, ku sa yaro ya karanta ya kuma fassara.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya sa mu gane, amin.