A Bar Yara Su Yi Zane

Ku yi mini afuwa, yau na jingine ci gaban littafinmu, don akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun dawowata daga Tsaskiya ta ƙaramar hukumar Safana, inda na yi sati uku wajen ƙanena da ke koyarwa a wata firamare ta yankin.

Wata safiya ya ce, "Yaya, tunda ƙirƙira ce sana'arki, zo ki taya ni darasin al'adu da fasaha." Na ce masa ni fa rubutu na sani, in na zana kaza sai ka rantse tulu ne. Ya ce in zo a hakan. Darasin yana nan cikin manhaja, amma kowa ya san yadda ake yi da shi: a rubuta ma'anar zane a allo, yara su kwafa, a tashi. Sai muka tattara bayan tsofaffin kalanda da kwalayen sabulu, muka samo gawayi da jar ƙasa da farar ƙasa, muka jiƙa zoɓo da lalle da bular wanki, fenti ya samu.

Na ce kowa ya zana abin da ya fi sani. Wallahi da na zagaya sai gabana ya faɗi, domin yawancin mazan babura suka zana, kowanne da mutum uku a kai da doguwar bindiga. Ba abin mamaki ba ne. Yankin yana bakin dajin Rugu, a Fabrairun 2020 aka yi kisan Tsauwa da Dankar a Batsari, a Disambar shekarar kuma aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara. Yaro ɗan shekara goma cikin irin wannan labari ya yi wayo. Ƙanena ya so ya karɓe takardun, na ce ya bar su. Na durƙusa wajen wani yaro, sai na ga a can gefe ya zana rumbu da wata 'yar akuya, ya shafa mata jar ƙasa a tsanake. Ya ce, "Anti, wannan tamu ce, ita ba su tafi da ita ba." Ya faɗa yana murmushi, ni ko sai da na juya na gyara mayafi.

Akwai kuma wata yarinya da ƙanena ya ce tun farkon zango bai taɓa jin ta ɗaga murya ba. Faifai ta zana, zobe cikin zobe, ja da baƙi, ko layi ɗaya bai karkace ba. Yara suka yi mata caa. Ba wanda ya tambaye ta, ta ce, "Na Inna ne, ita ke saƙawa." Daga nan ta shiga nuna wa na kusa da ita inda ake fara zoben.

To ga inda nake son zuwa. A sati na biyu wani dattijo ya zo, ya ce, "Malama, mun turo su boko, kuna koya musu zanen da aka hana, kuma zane ba ya ciyar da kowa." Ban raina maganarsa ba. Batun surar mai rai magana ce ta malamai, ni ba malamar addini ba ce, uban da bai yarda ba kuwa a mutunta shi. Amma na ce, "Baba, zayyanar da ake yi wa allon sauka fa? Aska takwas ɗin gaban riga fa, da dagi, da ƙawar ƙwarya, da lallen amarya?" Duk zane ne, kuma namu ne tun kaka da kakanni. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ai da ido da hannu ya yi suna. Ladi Kwali maginiyar tukwane ce, ga hotonta a bayan naira ashirin. Mu kanmu marubuta, a shekarun 1990 da hannu ake zana mana bangon littafi a Kano, kuma sau tari bangon ne ke sa mai saye ya miƙa hannu kafin ya karanta suna. Mai rubuta allon shago da mai zanen hula duk suna cefane da wannan baiwa.

Saboda haka ni a ganina hedimastoci su daina mayar da darasin nan lokacin shara ko kwafar rubutu. Awa ɗaya a sati ta isa, kuma ba ya jiran kwangila. Yaron da ya ga abin da bai kamata ya gani ba, in bakinsa ya kasa faɗa, a bar hannunsa ya faɗa, malami ya gani ya san wanda zai ja a jiki.

Dattijon bai ce ya yarda ba. Sai dai da zai tafi ya nemi a nuna masa na jikansa. Dagi ne da ruwan zoɓo, ɓari ɗaya ya fi ɗaya girma. Ya daɗe yana kallo, sannan ya naɗe shi ya sa a aljihun gaba.