Kafin Ki Raka Shi Jami'a, Ki Lissafa Gado da Tukunya

Idan yaro ya samu gurbin jami'a, hankalinmu kan tafi kan kuɗin rajista. Amma abin da ke cinye aljihu sannu a hankali shi ne wurin kwana da abinci.

A 1978, ƙarin kobo 50 kan kuɗin abincin ɗalibai na yini ya haddasa zanga-zanga a jami'o'in Najeriya. Yau wancan abinci mai rahusa ya zama tarihi, ɗalibi ne ke ciyar da kansa. Ɗakunan kwana a ABU Zariya ba sa isar kowa, wanda ya rasa gado sai ya kama haya a Samaru. Naira 20,000 da NELFUND ke bayarwa duk wata kuwa bashi ne, kuma ba za ta riƙe cikin saurayi kwana talatin ba.

Don haka ki sa ya nemi gado da zarar an buɗe rajista. Ki haɗa masa garin kwaki, wake, ƙuli-ƙuli, yaji da busasshiyar kuɓewa. Ki koya masa girki tun yana gida, ko da namiji ne. Yaron da ke jin yunwa ba ya fahimtar karatu.

Ke wace dabara kike yi wa naki?