Tsohuwar Lasifika Da Amanar Kamfani

Tun shekarar 1946 kamfanin Klipsch na garin Hope, a jihar Arkansas ta Amurka, yake ƙera lasifikar gida mai suna Klipschorn, har yau kuwa bai daina ba. Akwatinta na katako yakan daɗe lafiya lau, abin da ke gajiya shi ne na'urar ciki mai rarraba sauti. Saboda haka kamfanin ya fitar da sababbin kayan ciki domin masu tsofaffin lasifikoki su musanya, maimakon su yar da akwatin. Lalle wannan shi ne riƙon amana. Ya kamata duk ma'aikacin da zai zuba albashinsa a kan kayan sauti masu tsada ya fara tambayar dillali: in sun tsufa, kamfanin zai sabunta su?